Kofin Ruwan Azahar

Laraba, 27 ga Sha'aban, bayan La'asar

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi kamar kullum, sai dai yau alƙalamin ya yi mini nauyi.

Mun dawo daga asibiti ni da maiɗakina, Hajiya Zulai. Tun kafin sanyin bana aka yi mini aiki. Wani ƙari ne ya tsiro a jikin wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, har ya fara danne mini gani. Aka cire shi ta hanci. Gani ya dawo, alhamdu lillahi, ina karanta ƙananan rubutun gefen littafi kamar da. Amma 'yar tsokar ba ta koma bakin aikinta ba.

Likita Christina, wadda ke duba ni, ta yi mini bayani da irin Hausarta ta Abuja. Ta ce, "Baba, wannan ƙaramin abu shi ne oga. Shi yake aika saƙo, muna kiransa ACTH, zuwa wasu ƙananan abu biyu da suke saman ƙoda naka. Idan wahala ya zo, zazzaɓi ko yunwa ko tsoro, saƙo zai tafi, su kuma su saki ƙarfi a jini. To naka oga ya yi ritaya. Ba mai aika saƙo. Wannan magani shi ne ƙarfin. Safe, rana, yamma. Kar ka sha da dare, zai hana ka barci. Idan zazzaɓi ya zo, a ninka, kuma a kira ni."

Na yi tasbihi a zuciyata. Shekara saba'in da 'yan kai wannan ɗan aike yana kai da komo a jikina, bai taɓa makara ba, ban san da shi ba balle in gode wa Wanda ya aiko shi.

Sai na tambaye ta abin da ya kai ni. Ta ce, "Akwai waɗanda muke canja musu magani su gwada azumi. Ba kai ba, Baba. Aiki bai daɗe ba, ga shekaru, ga zafin garin nan."

Na ce, "Bana kaɗai?"

Ta dubi Hajiya kafin ta dube ni. Ta ce, "Magani dai har ƙarshen rai ne. Sauran kuma ba zan yi maka alkawari ba."

Marar lafiya iri biyu ne a wannan babi. Akwai wanda zai sha ya rama idan ya warke. Akwai wanda ba a sa ran ramuwarsa, shi ne wanda yake ciyar da miskini a madadin kowane yini. Na karantar da wannan tun ina saurayi a Zariya, na karantar da shi a nan Gwarimpa shekara da shekaru. Ban taɓa karanta shi da sunana a ciki ba.

Juma'a, 29 ga Sha'aban, da hantsi

Hajiya ta sa an kawo buhun shinkafa daga shagon wani Bakano a kasuwa. An jingine shi a baranda, daidai ƙofar ɗakin karatuna. Ta ce, "Malam, na ciyarwa ne. Ka faɗa mini awon, in riƙa ba masu gadi da masu turin ruwa."

Na ce a bari tukuna.

Ta ce, "A bari sai yaushe? Ana cewa yau za a ga wata."

Na ce a bari tukuna.

Juma'a, bayan Isha

An ga wata. Yaran layi suna ta ihu. Na yi addu'ar da aka saba.

Asabar, 1 ga Ramadan, bayan Asuba

Na tashi sahur don in taya Hajiya zama, kada ta ci ita kaɗai. Da na zauna kuma sai na ci. Ta ba ni ƙwayar safe tun a lokacin, ta ce hakan ya fi mata sauƙi. Ni ma ya fi mini.

Na yi wani nazari bayan salla, zan rubuta shi kamar yadda ya zo mini. A daren da aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ana haɗa Magariba da Isha a masallaci. Ba a rage raka'a ko ɗaya, lokaci kawai ake jawowa, kuma salla ta inganta. To ƙwayoyin nan uku ne idan an rarraba su, uku ne idan an haɗa su. Abin da jiki yake bi na yini ya samu cif. Ban ga inda wannan ƙiyasi ya karkace ba. Na juya shi ta kowace fuska.

Asabar, bayan Azahar

Hajiya ta shigo da 'yar tasa, ƙwaya ɗaya fara a ciki, da kofin ruwa mai sanyi har yana gumi. Ta tsaya. Na ce ta ajiye, ina tsakiyar muɗala'a. Ta ajiye ta fita, domin ba ta taɓa tsaya mini a ka ina karatu ba.

Akwai wani ɗan itacen lemun tsami a tukunya a bakin tagata. Ya daɗe yana neman bushewa.

Ninkin hula wuri ne mai tsabta, ƙwaya za ta iya jiran sahur a ciki.

Litinin, 3 ga Ramadan, bayan buɗa-baki

Mun buɗe tafsiri tun ranar Asabar a masallacin layinmu, bayan La'asar, kamar kowace shekara. Alaramma Zakariyya ne yake ja mini baƙi, ɗalibina ne tun bai ajiye gemu ba. Jama'a sun fi na bara: 'yan kasuwa, ma'aikatan ofis da rigunansu na aiki, leburori a sahun baya sun jingina da bango.

Ina zama a yi buɗa-baki da ni a masallaci. Ana miƙo mini dabinon farko. Ban ce wa kowa komai ba, ba wanda ya tambaye ni komai.

Talata, 4 ga Ramadan, bayan Azahar

Kofin ya zo, kofin ya koma.

Laraba, 5 ga Ramadan, bayan Isha

Yau muka iso ayoyin azumi. Na so Alaramma ya yi sauri, shi kuwa yau ya ga damar jan murya, yana maimaita wurin da aka ambaci sauƙi har wasu suka yi kabbara. Na yi bayani. Allah shaida ne ban ɓoye komai na hukunci ba. Na ce rangwamen da Ubangiji ya yi kyauta ce, mai mayar da kyautar Mai girma kuwa ba shi da ladabi. Na ce wanda likita amintacce ya tsoratar da shi halaka, shan ruwa wajibi ne a kansa. Harshena ya bushe ƙamas ina faɗa.

Da aka tashi, Mika'ilu ya tare ni a bakin ƙofa. Mai turin kurar ruwa ne, mutumin wani ƙauye a ƙasar Katsina, shi yake cika randunan masallaci ranar Juma'a ba ya karɓar ko sisi. Ya durƙusa, hannunsa ɗaya a kan ciki.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, gyambon cikin nan ne. Da rana ta take sai in ji kamar an zuba mini barkono. Jiya har na ga wani baƙi-baƙi a bayan gida."

Na ce, "Ka sha ruwa gobe, ka je asibiti. Ka ji abin da aka karanta yanzu."

Ya yi dariya. Ya ce, "Haba Malam. Kai da aka fasa maka kai kana yi, sai ni ƙato da ɗan ciwon ciki?"

Na ce, "Ba a fasa mini kai ba, ta hanci aka shiga."

Ya ce, "Ai ta hancin ta fi ban tsoro, Malam. Ni ko ƙuda ne ya shiga nawa sai na kwanta."

Mutanen da ke wurin suka yi dariya, ni ma na yi. Amsoshi biyu ne a gabana. Ɗaya ƙarya ce. Ɗayar kuma za ta riga ni isa gida. Sai na ce masa hukuncin kowa da halinsa, na nemi takalmana.

Juma'a, 7 ga Ramadan, bayan La'asar

Zafi. An ɗauke wuta tun safe. Da na ɗago daga sujada a sallar Juma'a sai sahun gaba ya yi duhu, kamar an rufe taga. Na dafa kafaɗar na kusa da ni, ya ɗauka gaisuwa ce.

Ƙarfin yana nan da safe, har da rara, ina jin kamar in taka zuwa kasuwa. Kafin Azahar ya fara tsiyayewa. Kafin La'asar sai in ji ƙasusuwana kamar an cire musu ɓargo. Kowane mai azumi yana jin haka. Kowane mai azumi.

Na rubuta kalmar. Ba zan goge ba.

Asabar, 8 ga Ramadan, da hantsi

Buhun yana nan. Ina kauce masa da gefen riga idan zan shiga ɗaki.

Lahadi, 9 ga Ramadan, bayan Azahar

Hajiya ta kawo kofin. Ba ta fita nan da nan ba. Ta je bakin taga, ta taɓa ganyen lemun, ta tura yatsa cikin ƙasar tukunyar.

Ta ce, "Ikon Allah. Ya yi sabon toho."

Na ce, "Allah ne mai rayar da ƙasa bayan mutuwarta."

Ta ce, "Haka ne, Malam." Ta goge yatsanta da gefen mayafi ta fita.

Ta ƙidaya ƙwayoyin kwalin jiya a gabana. Sun yi daidai. Ai za su yi daidai.

Litinin, 10 ga Ramadan, bayan Asuba

Ina tuna azumina na farko. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya zaunar da ni kusa da shi a zaure, da aka kira salla ya ba ni kunun tsamiya a ludayinsa na kansa. Tun daga ranar ban san wani Ramadan da ya wuce ni ba, ko a hanyar Makka, ko shekarar da muka binne ɗanmu na biyu. Idan aka cire wannan daga cikina, ban san me ya saura wanda zan tsaya da shi ba. Ilimi ana tambayar mutum me ya yi da shi. Wa'azi mutane sun gani sun yaba, ladarsa wataƙila ta ƙare a nan. Wannan kaɗai ne tsakanina da Shi.

Na san amsar wannan magana. Na sha ba wasu ita.

Talata, 11 ga Ramadan, bayan buɗa-baki

Ban iya cin komai ba sai rabin dabino. Warin ƙosai ya tayar mini da zuciya.

Mika'ilu yana sahun baya. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Da muka haɗa ido ya ɗaga mini babban yatsa kamar abokin kokawa. Na sa Alaramma ya je ya sake gaya masa. Ya dawo ya ce, "Ya ce a gaya wa Malam suna tare."

Alaramma ya tsaya kamar yana da sauran magana. Na ce, "Da wani abu?" Ya ce, "Babu, Allah gafarta Malam. Sai dai muryar Malam ta yi ƙasa yau." Na ce lasifika ce.

Alhamis, 13 ga Ramadan, bayan Azahar

Sanyi nake ji, a wannan zafi. Na lulluɓa da bargo na ce wa Hajiya mura ce. Likita ta ce idan zazzaɓi ya zo a ninka, a kira ta. Idan na ce zazzaɓi ne, za a tsaya a kaina sai na haɗiye.

Saura kaɗan a raba wata biyu. In na kai rabi, zan duba lamarin.

Juma'a, 14 ga Ramadan, bayan Asuba

Abin da na ci da sahur ya dawo, tare da abin da na haɗiya. Amai ne da ya rinjaye ni, ba ya karya komai. Na duba, haka hukuncin yake.

Juma'a, kafin La'asar

Kofin ya zo. Rabin ruwan ya zube a kan tabarma kafin in isa taga. Zan je in yi karatun, gajere.

Litinin, 17 ga Ramadan, da hantsi, a asibiti

Na roƙi a kawo mini littafin nan da alƙalami. Hannun hagu yana ɗaure da robar ƙarin ruwa.

Abin da ya faru ranar Juma'a ba zan rubuta shi duka ba, rabinsa ma ban sani ba. Na san Alaramma ya ja aya ya tsaya yana jirana. Na san na buɗe baki. Sai kafet a kumatuna, da ƙafafun mutane. An ce an warware mini rawani an cire hula don a zuba mini ruwa a ka, sai ƙwayoyi biyu, ta rana da ta yamma, suka faɗo suka gangara har gaban sahu. An ce kowa ya gani.

Likita Christina ta zo da safe. Ba ta gaishe ni da fara'ar da ta saba ba. Ta ce da an ƙara ɗan jinkiri a hanya, da yanzu wani zance ake yi. Ta tambaye ni yadda nake shan maganin, na gaya mata gaskiya, har da dalilina na daren ruwan sama. Ta sa na maimaita. Sai ta zauna a bakin gado ta riƙe kai.

Ta ce, "Baba, jiki ba ya ajiya. Wannan ƙwaya yana aiki na ɗan lokaci ne ya ƙare. Ka sha uku da asuba, kafin rana ya yi tsaka duk sun tafi. Daga nan har dare kana tafiya babu komai. Sai zazzaɓi ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba kowa a gida." Ta miƙe, ta ƙara da cewa, "Ni ban san littafi naka ba. Amma da ka tambaye ni kafin ka yi wa magani na fatawa."

Ga inda ƙiyasin ya karkace. Salla idan an gabatar da ita tana nan a rubuce, ba ta ƙarewa kafin Isha. Na gwama abin da yake wanzuwa da abin da yake ƙarewa. Ɗalibin da ya yi shekara biyu a gabana ba zai yi wannan ba, da ya yi kuwa da na ce ya koma farkon babi. Amma ba jahilci ne ya kai ni ba, na san wannan ma.

Talata, 18 ga Ramadan, bayan Azahar

Nas ta tsaya har na haɗiye. Ta ce in buɗe baki ta gani, kamar yaro.

Laraba, 19 ga Ramadan, bayan La'asar

Hajiya tana kwana a kan tabarma kusa da gadona tun ranar Juma'a. Tana yin duk abin da ya kamata. Ba ta ce mini komai ba bayan sannu. Yau na ce, "Hajiya, ki yi magana."

Ta daɗe tana ninke tawul. Sannan ta ce, "Alaramma ne ya kawo mini ƙwayoyin a ƙulle cikin hankici. Ya kasa kallona."

Na ce, "Sai a ranar kika sani?"

Ta ce, "Na sani tun satin farko, Malam. Itacen da ba na ba shi ruwa, kullum ƙasarsa a jiƙe. Ya fi ka jin magani."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "In ce me? In ce Malam, ga hukunci? Ni da a bakinka na koyi alwala? Na je wurin Alaramma na ce ya yi maka magana, ya ce shi ɗalibi ne, ba zai iya buɗe baki ba. Na je wurin liman, ya ce Malam ya fi mu sanin abin da yake yi. Duk garin nan kowa yana da wanda zai tambaya, kai kaɗai ne ba ka da mai gaya maka." Ta ajiye tawul ɗin. Ta ce, "Kullum ina ɗauko kofin nan ina addu'a a hanya. Ashe lemo nake yi wa hidima."

Ta fita da buta. Ba lokacin salla ba ne.

Alhamis, 20 ga Ramadan, da hantsi

Alaramma Zakariyya ya zo dubiya. Ya ce shi yake karanta ɗan abin da ya sawwaƙa a wurin tafsiri kafin in dawo. Na tambaye shi jama'a. Ya ce lafiya. Na tambaye shi Mika'ilu. Ya dubi robar ƙarin ruwa.

Ranar Asabar, washegarin tawa faɗuwar, Mika'ilu ya faɗi a kan kurarsa a bakin titi, ya yi aman jini. Ƙaninsa ya sa shi a mota ya kai shi gida. Yana kwance a wani ƙaramin asibiti kusa da ƙauyensu. An ba shi magani na safe da rana. Ba ya sha sai an kira Magariba.

Na ce, "Ba a gaya masa abin da ya same ni ba?"

Alaramma ya ce, "Yana wurin ai, Allah gafarta Malam. Shi ya kawo ruwan da aka zuba maka." Ya ƙara da cewa, "Abin da ake faɗa a masallaci ke nan. Wai Malam ya ɓoye magani a hula, ya gwammace ya mutu da ya karya. Har wani ya ce a ba shi ƙwayoyin ya ajiye don tabarruki. Akwai wani tsoho mai ciwon sukari da ya daina zuwa da gorar ruwansa."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na yi musu bayanin sauƙi da mafi kyawun lafazin da na iya. Babu wanda ya riƙe shi. Ƙwaya biyu da suka gangara a kan kafet, su aka haddace.

Juma'a, 21 ga Ramadan, bayan Isha

An sallame ni. Buhun yana nan. Lemun ya fara yaushi, ba mai ba shi ruwa.

Asabar, 22 ga Ramadan, bayan Asuba

Ban tashi sahur ba. Ina jin motsin cokalin Hajiya daga ɗaki. Wannan shi ne karo na farko da na ji kiran Asubar Ramadan a gidana kamar ana kiran wasu.

Na yi kuka, ba na jin kunyar rubutawa.

Lahadi, 23 ga Ramadan, da hantsi

Malamai sun so wanda yake da uzuri ya ci ya sha a ɓoye, don girmama wata, da kuma kada a zarge shi. Wannan ladabi ne mai kyau, na karantar da shi. Ina ta neman mafaka a cikinsa tun jiya. In zauna a ɗakina in sha ruwana, in bar su da labarin da suke so, mutuncina yana nan har da ƙari. Na lura cewa wannan nazari ma yana zo mini da irin daɗin da na farko ya zo da shi, shi ya sa na ji tsoronsa.

Na kira Hajiya. Na ce, "Ina da tambaya, ke nake tambaya." Na gaya mata abin da nake tunanin yi gobe. Na ce, "Me kika gani?"

Ta dube ni kamar ba ta gane harshen ba. Sannan ta ce, "Da kofin gida za ka tafi, ko a sayi ruwan leda?"

Na ce da na gida.

Litinin, 24 ga Ramadan, bayan La'asar

Na je sallar Azahar a masallaci, Alaramma yana riƙe da hannuna. Da aka sallame mutane suka taso za su yi musabaha, wani har yana neman shafar rigata. Na ce kowa ya zauna.

Na sa Alaramma ya kira wayar ƙanin Mika'ilu, ya buɗe muryar, ya kara ta a lasifika. Ta daɗe tana ƙara. Da aka ba shi, muryarsa kamar daga cikin rijiya.

Ya ce, "Allah gafarta Malam! An ce ka tashi. Muna nan, ba mu karya ba."

Na ce, "Mika'ilu, rana tana ina a wurinku?"

Ya ce, "Tana tsaka, Malam."

Na ce, "A nan ma haka. Jama'a suna gabana, su ne shaida. Abin da na yi kuskure ne, ba taƙawa ba ne. Na saɓa wa abin da na karantar da ku, na yaudari matata, na kusa kashe kaina, kai ma na ja ka. Yanzu ka kasa kunne."

Na buɗe hankicin, ƙwayar tana ciki. Alaramma ya zuba ruwa a kofin. Na yi bisimilla a bayyane. Na matso da bakina kusa da lasifika, na sha a hankali, yadda kowane haɗiya zai fita. Masallacin ya yi tsit, ba ka jin komai sai maƙogwaron tsoho. Wani a sahun baya ya ce subhanallahi. Wani ya tashi ya ɗauki takalmansa ya fita, na san shi, ba zan rubuta sunansa ba.

Na ce, "Ka ji?"

Shiru. Na ɗauka layin ya yanke.

Ya ce, "Na ji, Malam." Sai kuma, "Har ƙasa ka shanye?"

Na ce, "Har ƙasa."

Sannan na ji ya juya daga wayar yana magana da ƙaninsa, muryar can nesa: "Kai, miƙo mini butar nan. Ba ta alwala ba, ɗayar."

Kuɗin wayar ya ƙare a nan. Ban san ko ya yi latti ba. Alaramma ya ce ƙanin ya gaya masa jiya jinin bai tsaya ba.

Litinin, bayan Magariba

An miƙo dabinon farko, na ce a ba liman.

Talata, 25 ga Ramadan, bayan Azahar

Na kwance bakin buhun da hannuna. Hajiya ta riƙe leda, ina aunawa ina zubawa, tun daga yinin da na faɗi. Da muka zo kan na yau ta ce, "A ƙulle sauran?"

Na ce ta bar shi a buɗe, akwai gobe, akwai baɗi.

Ta kawo kofin. Ta tsaya. Ban ce ta ajiye ba.